AMSOSHIN WASIƘUNKU: Yadda Baƙon Sinadari Ke Shiga Cikin Monazait Tun Yana Girma

TAMBAYA: Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga garin Wudil ta Jihar Kano, daga wani mai sauraronmu da ke karatu a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote. Bayan gaisuwa ga ma'aikatan wannan fili, ga abin da ya ce: "Ina jin ana ta maganar wani yashi mai nauyi, ruwan zuma, wai shi monazait, wanda ake saye a wuraren haƙar kuza. A aji an gaya mana ba a samunsa tsantsa, kullum da gaurayen wasu sinadarai a cikinsa, har da masu cutarwa. To ni abin da ya ɗaure mini kai shi ne, yaya datti ke shiga cikin dutse? In kuma an wanke yashin sosai, dattin zai fita?"

AMSA: To malam, mun gode da wannan wasiƙa. Amsar tambayarka ta biyu gajeriya ce: a'a, ba ya fita, ko da za ka kwana kana wanki a bakin gadar Wudil. Amma kafin ka gane dalili sai mun bi ta farkon a tsanake, don haka gyara zama.

Ka zuba gishiri kaɗan a tafin hannunka ka duba da kyau. Za ka ga ƙwayoyin suna da kusurwa, kamar 'yan ƙananan akwatuna. Ba wanda ya sassaƙa su, girma suka yi a haka. Duk abin da ya daskare da irin wannan tsari, shi masana ke kira kiristal. Sukari kiristal ne, farin yashin kogi kiristal ne, monazait ma haka. Tubalan da ake gina shi da su kuwa su ne atam, watau ƙwayar zarra, kuma galibi atam ɗin yana ɗauke da cajin lantarki, ko na ƙari ko na ragi. Atam mai caji shi ake ce wa ayon. Mai cajin ƙari yana jan mai cajin ragi, su jeru ɗaya kusa da ɗaya, layi bisa layi, tamkar yadda magini ke jera bulo. Bambancin kawai shi ne a nan babu magini. Kowane bulo shi ke neman gurbinsa da kansa daga cikin ruwa ko narkakken dutse, kuma dole jimillar cajin ginin ta tashi babu rara babu gibi.

Shi monazait tubalansa iri biyu ne. Na farko fosfet, watau fosfaras guda da oksijin 4 kewaye da shi, mai cajin ragi 3. Wannan ba baƙo ba ne gare ka, shi ne a takin zamani na supa, shi ne kuma a ƙashin jikinka. Na biyu kuwa ɗaya daga cikin wasu ƙarafa 17 da ake kira ƙarafa masu wuyar samu, masu cajin ƙari 3. Uku da uku sun kashe juna, gini ya zauna. Sunan nan na "masu wuyar samu" fa akwai yaudara a ciki. Siriyam, wanda ya fi yawa a cikinsu, ya fi dalma da kuza yawa a ƙasa nesa ba kusa ba. Wuyarsu ita ce ba su cika taruwa wuri guda ba, in sun taru kuma raba su da juna aiki ne ja. A wani ƙauye ne mai suna Itabi a ƙasar Suwidin aka tsinci dutsen farko da ya tona asirinsu a 1787, har guda 4 daga cikinsu suka ci sunan ƙauyen. Yau kuwa suna cikin aljihunka: ƙanƙarar ƙyastu akwai siriyam da lantanam a ciki, maganaɗisun lasifikar wayarka kuma na niyodimiyam ne.

To ga inda maganar ta fara daɗi. Ƙarafan nan kamar 'yan uwa ne 'yan gida ɗaya, cajinsu ɗaya, halinsu ɗaya, amma jikinsu ba ɗaya ba. Daga lantanam a farkon layi zuwa lutishiyam a ƙarshe, kowane ya ɗan fi na gabansa ƙanƙanta. Saboda haka fosfet ke gina musu gida iri biyu. Masu jiki, daga lantanam zuwa gadoliniyam, gidansu shi ne monazait, inda kowane ke zaune da oksijin 9 kewaye da shi. Ƙananan kuwa, daga tabiyam zuwa lutishiyam, tare da itiriyam, gidansu ana ce masa zenotaim, mai gurbi matsattse na oksijin 8. Ka ga ke nan tun kafin a zo maganar baƙo, girman ayon kaɗai ya isa ya canja fasalin ginin baki ɗaya. Magini ma ai ya san bulo mai inci 9 da mai inci 6 ba su hawa layi ɗaya.

Yanzu sai baƙi. Ruwa ko narkakken dutsen da kiristal ke girma a ciki ba na 'yan gida kaɗai ba ne, kasuwa ce, kowa na yawo a ciki. Wani masani ɗan ƙasar Norwe, Victor Goldschmidt, shi ya tsara ƙa'idar shigar baƙo a 1926. Ya ce in girman baƙo bai bambanta da na ɗan gida da fiye da kashi 15 cikin 100 ba, to zai iya zama a gurbinsa, muddin an daidaita caji. Bari mu sa lamba. Ka raba milimita guda gida miliyan 10, kashi ɗaya shi ne ma'auninmu. A gurbin monazait siriyam ya kai 1.20, niyodimiyam 1.16, kalsiyam 1.18, toriyam 1.09. Duk suna kusa da juna. To amma toriyam cajinsa 4 ne, kalsiyam kuma 2. Kowane shi kaɗai zai ɓata lissafi. Sai su yi dabara, su shigo tare: toriyam ɗaya da kalsiyam ɗaya su zauna a gurbin 'yan gida biyu. Huɗu da biyu shida, uku da uku ma shida. In ka haɗa girmansu ka raba biyu kuma, ya faɗo tsakiyar na 'yan gida. Gini bai ma san an yi masa musaya ba.

Akwai kuma wata ƙofar. Toriyam ya zauna a gurbin siriyam da rarar caji ɗaya, sa'an nan silikon mai caji 4 ya zauna a gurbin fosfaras mai caji 5. An ƙara ɗaya a nan, an rage ɗaya a can, an tashi canjaras. Ta waɗannan ƙofofi biyu ne toriyam ke cika monazait, har a mafi yawan wanda ake saye da sayarwa a duniya yakan kai daga kashi 4 zuwa 12 cikin 100 na nauyinsa. Shi kuwa yuraniyam, da yake ya ɗan fi toriyam ƙanƙanta, ya fi jin daɗin zama a zenotaim, ko da yake ana samunsa kaɗan a monazait ɗin ma.

Ka lura da wannan da kyau, domin nan ne amsarka take. Toriyam ba ƙura ba ce da ta hau bango daga baya. Bulo ne a cikin bangon, an ɗora wasu a kansa tun ranar gini.

Ba kowane baƙo ne ke samun shiga ba. Dalma girmanta 1.35 ne, watau tana bakin iyakar ƙa'idar Goldschmidt, ga cajinta 2. A cikin ƙasa, inda dalmar ba ta da yawa kuma tana da wasu duwatsun da suka fi karɓarta, monazait na girma ne kusan babu ita. Wannan ƙyamar ta zama alheri ga masana duwatsu. Toriyam da yuraniyam suna rikiɗewa sannu a hankali su zama dalma, bisa saurin da aka sani. Toriyam na ɗaukar shekara kusan biliyan 14 kafin rabinsa ya rikiɗe. Saboda haka kusan duk dalmar da aka tarar a cikin monazait a yau, a ciki aka haife ta, kuma in an auna yawanta sai a san shekarun dutsen. Agogo ne da baƙo ya ɗaura masa.

Amma ƙyamar nan tana da iyaka, kuma akwai labari a kai. A cibiyar bincike ta Oak Ridge a Amurka an shahara da girmar da manyan kiristal na waɗannan fosfet ɗin. Da yake monazait ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 2,000, sai akan narkar da kayan a cikin wani narkakken gishirin dalma da fosfet, a bar shi ya huce a hankali. Kiristal ɗin suka fito tas, aka rarraba su ɗakunan bincike na duniya a matsayin ma'auni, watau abin da ake gwada sauran samfura da shi. Sai a 2003 wani bincike ya bayyana cewa dalma ta shige cikin wasunsu. Waɗanne? Masu gidan monazait, mai faɗin gurbi. Masu gidan zenotaim kuwa, inda gurbin itiriyam bai wuce 1.02 ba, dalma ba ta samu wurin kutsawa ba. Tukunya iri ɗaya, wuta iri ɗaya, amma faɗin gurbi ya raba su. Darasi na biyu a nan shi ne, baƙon da ake ƙi ma, in ya cika ƙofar gida ya hana kowa wucewa, ƙarshenta sai ya shiga.

Kada ka ce duk wannan labarin ƙasashen Turawa ne. A nan Jihar Kano, can kudu a Ƙaramar Hukumar Doguwa, ga duwatsun Riruwai, waɗanda tsofaffin takardu ke kira Liruwen Kano. Tun kafin zuwan Turawa mutanen wurin ke narka kuza suna sayarwa. Duwatsun nan gindin wani tsohon dutse ne mai aman wuta, shekarunsu wajen miliyan 170, kuma dangin su ne suka miƙa daga Abzin a Jamhuriyar Nijar har Jos da kudancinta. Bayan dutsen ya daskare, ruwan zafi mai ɗauke da sinadarai ya riƙa bi ta tsagoginsa yana ajiye kuza da tutiya, har ya bar wata jijiyar ma'adini mai tsawon wajen kilomita 5, wadda aka haƙa wa rami na ƙarƙashin ƙasa kafin aiki ya tsaya cikin shekarun 1980. A shekarun nan ne kuma masana duwatsu daga Ingila suka duba dutsen Riruwai da madubin ƙara girma, suka tarar da monazait da zenotaim da zakon da wani dutsen toriyam mai suna torait, ƙanana-ƙanana, wasu ma sun shiga jikin juna. Abin da ya sa suke shiga juna kuwa, zenotaim da zakon da torait tsarin gininsu iri ɗaya ne, don haka tubalin wannan na iya hawa layin wancan.

In aka yanka ƙwayar monazait aka duba ta da na'ura, sau da yawa akan ga zobe-zobe kamar na albasa, wani ya fi toriyam, wani ya fi itiriyam. Kowane zobe shaida ce ta irin ruwan da ke kewaye da ita a lokacin da ta yi wannan layin. Har zafin wurin ma ana karantawa, domin monazait ya fi yarda itiriyam ya shigo in wuri ya yi zafi, tun da zafi na sa gini ya ɗan saki jiki.

Duk waɗannan baƙi ne da suka shiga ciki. Akwai kuma wasu da ba su shiga, sai dai su tsaya a bakin aiki su hana ruwa gudu, kuma su ne suka fi ba masu masana'antu ciwon kai. Don ka gane su sai ka san yadda kiristal ke ƙara jiki. Ba ko'ina sabon tubali ke manne wa ba. Ya fi son lungu, watau ƙarshen layin da ba a gama ba, inda zai samu maƙwabta ta ƙasa da ta gefe su riƙe shi. Haka layi ke tafiya har ya rufe fuskar, a soma wani. To in wani baƙo ya zo ya zauna daram a wannan lungu, shi bai dace da ginin ba, bai kuma tashi ba, layi ya tsaya ke nan. Sai dai ya lanƙwasa ya ratsa tsakanin baƙo da baƙo. In baƙin sun yi kusa da juna ƙwarai, ratsawar ma ta gagara, wannan fuska ta daina girma ɗungum. Wasu masana biyu, Cabrera da Vermilyea, su suka bayyana wannan a 1958. Abin mamakin shi ne ƙanƙantar abin da ake bukata. Tun da lunguna kaɗan ne, baƙo ɗaya cikin dubbai ya isa ya toshe su, kamar yadda tirela guda in ta mutu a kan gada ranar Juma'ar kasuwar Wudil za ta tsayar da motocin Kano da na Maiduguri gaba ɗaya.

Kiristal kuwa fuskoki gare shi da yawa, kuma baƙo ba ya son su daidai wa daida. Fuskar da ya toshe takan tsaya ta yi faɗi, wadda ya ƙyale ta yi ta gudu har ta tsuke ta ɓace. Da haka siffa ke canjawa. Tun a 1783 wani Bafaranshe, Romé de l'Isle, ya lura cewa gishirin da ya daskare a ruwan da ke da fitsari ba ya yin siffar akwati, sai ya fito da fuska 8. Gishirin dai shi ne, ɗanɗanonsa bai canja ba, baƙo ne ya juya masa kama.

Mu komo kan namu. In ka haɗa ruwan siriyam da ruwan fosfet a kwalba a ɗakin gwaji, da zafi ƙasa da na tafasar ruwa, galibi ba monazait za ka samu ba. Za ka samu ƙaninsa mai suna rabdofen, wanda ke da ruwa a cikin gininsa. Sunan daga kalmar Girka ta sanda ya fito, kuma da madubi za ka gan shi kamar 'yan allurai, domin akwai wasu ramuka da suka bi tsawonsa inda ruwan ke zama, kuma ta wannan tsawon ya fi saurin girma. Sai an gasa shi da zafi na ɗaruruwan digiri, ruwan ya fita, sa'an nan ya koma monazait. Matsalar ita ce fosfet ɗin ƙarafan nan ba ya son zama a narke ko kaɗan. Da zarar an haɗa, sai miliyoyin 'ya'yan kiristal su ɓullo lokaci guda, kowane ya ƙwaci ɗan abinci, babu wanda ya girma. Abin da za ka gani a kwalba kamar kunu ne, ya toshe matata, ya riƙe datti a jikinsa. Shi ya sa masu aikin ke ƙara wa ruwan tsami da zafi, su riƙa zubawa ɗigo-ɗigo, wani lokaci su fara jefa 'yan kiristal da aka riga aka yi a matsayin iri, don sabon kaya ya hau kansu maimakon ya fara nasa gidan.

To a cikin wannan hali, kowane baƙo da irin ɓarnarsa. Ƙarfe mai caji 3 da alminiyam mai caji 3, in lissafin caji ne kawai da sun dace. Amma ƙanana ne ainun, wajen rabin girman siriyam, gurbin ya yi musu yawa. Sai su koma kishiya: su ma fosfet suke so, su kama shi su yi wani kunu marar tsari, wanda ke sauka tare da kayan da ake nema yana lulluɓe fuskokinsa. Kalsiyam shi kam shiga yake yi, ramukan rabdofen na taimaka masa, yana kuma iya jan toriyam ya shigo tare da shi kamar yadda muka gani. Fulorin da salfet ta wani gefen suke ɓullowa, su ba gurbi suke nema ba, 'yan gidan suke sacewa, su haɗu da siriyam da lantanam su yi wani gishirin dabam. Ko sinadarin tsamin lemo, in an sa shi, yakan kama ƙarafan ya kuma manne a fuskokin kiristal, sai allurai su gajarce ko su dunƙule.

Wannan ba wasan ɗalibai ba ne, kuɗi ne. Dutsen fosfet da ake yin takin zamani da shi, dangin wanda ake samu a Dange ta Jihar Sakkwato da yankin Tawa a Nijar, yakan ɗauki ƙarafan nan a matsayin baƙi a gurbin kalsiyam. Ka ga a can su ne baƙin, abin ya juya. In aka narka dutsen da ruwan batir mai ƙarfi a masana'antar taki, mafi yawansu sukan bi farin tarkacen jibsam da ake tarawa tsibi-tsibi a bayan masana'anta, saura su zauna a ruwan tsamin tare da ƙarfe da alminiyam da fulorin. Ƙasashe da dama na ta neman hanyar tsamo su da araha, kuma babban abin da ke kawo cikas shi ne wannan rigima ta baƙi a bakin kiristal.

Kada kuma mu yi wa baƙo rashin adalci, wani da gayya ake kiransa. Doguwar fitilar lantarkin nan fara, da ƙwan fitila mai murɗe da aka yi yayi kafin zuwan na LED, farar hodar da ke shafe a cikinsu akwai fosfet na lantanam da aka sa wa siriyam da tabiyam da gangan. Siriyam ya kama hasken da ido ba ya gani, ya miƙa wa tabiyam, shi kuma ya fitar da kore. In babu su, hodar ba ta haske. Haka nan masu neman inda za a binne sharar nukiliya sun daɗe da sa wa monazait ido, saboda wannan riƙo da yake yi wa toriyam. An samu ƙwayoyin da suka haura shekara biliyan guda suna ɗauke da shi, ginin bai rushe ba, alhali zakon mai irin wannan kaya yakan lalace ta ciki. A Markul ta ƙasar Faransa an gwada shigar da toriyam cikin rabdofen da hannu, aka ga sai an zuba kalsiyam fiye da kima kafin su shiga tare yadda ake so.

Yanzu mu dawo kan wanki. Abin da wanki ke yi shi ne raba ƙwaya da ƙwaya. Monazait ya kusa ninka farin yashi biyu a nauyi, kuza kuma ta fi shi, don haka ruwa kan tafi da marar nauyi ya bar masu nauyi a gindin kwano. Daga nan injin maganaɗisu ya ware su, tun da monazait na ɗan amsa kiran maganaɗisu mai ƙarfi. Duk wannan bai taɓa cikin ƙwayar ba. Hasali ma, gwargwadon yadda ka tace yashin, gwargwadon yadda ka tara toriyam wuri guda. Fitar da shi sai an rushe ginin ɗungurungum: a niƙa yashin, a dafa shi cikin ruwan soda mai kauri da zafin wajen digiri 140 zuwa 150, ko a gasa shi da ruwan batir tsantsa, sa'an nan a bi da ruwan tsami a hankali har ƙarafan da ake so su narke, toriyam ya kwanta. Shi ɗin da ya kwanta kuma sai an san inda za a kai shi. A Bukit Merah kusa da Ipoh ta ƙasar Malesiya, wadda ita ma ƙasar kuza ce kamar Filato, an buɗe masana'antar sarrafa monazait a 1982. Mutanen garin suka kai ƙara kotu kan sharar toriyam da cututtukan da suka ce ta jawo musu, aka yi shekaru ana shari'a, masana'antar ta rufe a 1994, aka kuma daɗe ana aikin kwashe sharar da binne ta.

A nan gida, haƙar kuza ta zamani ta kankama a Filato tun farkon ƙarni na 20, kwalambait kuma ya yi tashe cikin shekarun 1950. A lokacin monazait da zakon tarkace ne, ana zubar da su a bayan injinan tacewa na Jos da Bukuru. Binciken da masana na jami'o'inmu suka yi ya sha nuna cewa tarkacen nan na fitar da tururin nukiliya, wanda ake kira radiyeshin, fiye da ƙasar da ke kewaye da shi sau da yawa. Yau tarkacen jiya ya zama haja, ana fitar da shi waje, galibi zuwa ƙasar Sin, har hukumar binciken ƙasa ta Amurka ta sa Nijeriya cikin jerin ƙasashe masu samar da waɗannan ƙarafa a rahotonta na 2025. Mu a ganinmu ba laifi ba ne talaka ya ci arzikin ƙasarsa. Laifin shi ne a bar shi yana ɗaukar buhu a ka bai san abin da ke ciki ba. Tururin nan ba ya wari, ba ya zafi, ido ba ya ganinsa, kuma illarsa ba ta kwana ɗaya ba ce, taruwa take yi shekara da shekaru.

Saboda haka, jama'a masu wannan sana'a, kada a ajiye buhunan monazait a ɗakin kwana ko a zauren da ake wuni. Kada a yi bulo ko yaɓe ko daɓe da tarkacen injin kuza, kome kyansa da arharsa, domin toriyam na haifar da wata iska mai radiyeshin da ke fita daga bango ta shiga huhun mai barci. Mafi haɗari ita ce ƙura, don haka a jiƙa yashin kafin a sheƙa ko a tankaɗe, a rufe hanci, a wanke hannu kafin cin abinci, yara kuma a raba su da wurin. Hukumar da doka ta ɗora wa sa ido kan irin wannan kaya ita ce Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya ta Nijeriya, wadda aka yi dokar kafa ta a 1995.

Game da yashin kogin Wudil da tifofi ke ɗiba kuwa, kwantar da hankalinka. Gaskiya ne kogin Kano daga tuddan kudancin jihar yake gangarowa kafin ya haɗu da Challawa su wuce ta ƙarƙashin gadarku, amma madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974, na tsakani, kuma yashi mai nauyi shi ke fara kwantawa in ruwa ya tsaya. Duk yashin da ya fito daga dutsen giranit ba ya rasa monazait ƙwaya nan ƙwaya can, sai dai wannan bai kai abin damuwa ba, tarin da aka tace shi ne abin tsoro. Baƙin layin da kake gani a bakin ruwa bayan ambaliya ma galibi duwatsun ƙarfe ne, ka gwada da maganaɗisu ka gani. In kuma wani ya kawo maka yashi ruwan zuma mai nauyi ya ce monazait ne, launi ba ya gaya maka yawan toriyam ɗin da ke ciki. Ka ɗebi kaɗan a kwalba mai murfi, ka nemi malamanku su haɗa ka da Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, inda ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike ta fara aiki a 2004, a auna maka shi.